Bazarar da na kai Gajera gun likita

Da sunan Allah nake farawa. Ku ɗiyana da ku jikokina, ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, da baki nake faɗa ana sa wa takarda. Yanzu mun iso shekarar da na bar sai da hura. Na san kowanenku ya ji labarinta a bakin wani, wani a waya yana Abija, wani yana Libiya, wani a nan bakin rijiya. Ba wanda ya zauna gabana ya tambaye ni, ko don kunya ko don hushi, ban sani ba. To, ga shi daga bakina.

Shekara ta biyu ke nan da mantuwa ta kama babanku. Da fari sunan awakinshi ya ɓace mishi, sannan sunan maƙwabta, sannan naku, sannan nawa. Jikinshi lahiya lau, ƙafa da ƙarhi kamar ta saurayi, sai dai wanda ke cikin jikin ya yi nisa. Abu guda ya riƙe, gonar ubanshi. Da ya tashi zaune sai ya ce za shi gona, tsuntsaye na cin hatsi, ko da kuwa ba kara ko ɗaya tsaye a daji. Gonar nan kun santa, tana ƙetaren kwalta wajen Dogarawa, inda manyan motocin albasa ke wucewa zuwa Ƙonni ba su san birki ba. Ku duka kuna cin rani. Ni kaɗai ce a gidan, da shi, da Gajera.

Gajera 'yar karya ce da babanku ya tsinto a bakin fadama tun yana da hankalinshi, ya kawo ta gida a aljihun riga. Ta girma ba ta girma ba. Tsayinta bai wuce na tukunyar miya ba, ƙafahu gajeru, jiki ja-ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Ba ta tsaro, ba ta farauta, zomo ma ya hi ta gudu. Shekara da shekaru ina yi mishi gorin ya kawo mana bakin ci. Ana nan, ana nan, sai da hankalinshi ya gushe sannan aikinta ya bayyana. In ya sa ƙafa waje da zaure, sai ta yi wani haushi siriri, sau uku sau uku, wanda duk unguwa ta gane. Ta bi shi, ta kama bakin rigarshi tana ja, tana saki tana haushi, har wani ya hito ya kamo hannunshi. Ba wanda ya koya mata. Saboda ita nake iya juya baya in yi daka. Saboda ita nake iya ɗaukar ƙwaryata in zauna gindin iccen bedi bakin hanya in sai da hura, kunnena ɗaya gun mai saye, ɗaya gun gida.

A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tahin ƙafa tun hantsi, na ga ta sake. Ta tsuguna nan, ɗigo biyu. Ta tashi, taku biyar, ta sake tsugunawa, ɗigo ɗaya, tana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar jinjiri mai ciwon ciki. Ta juya tana lasar jikinta. Ban kula ba, ina da abin kula. Rana ta uku ina shara na ga inda ta tsuguna, rairayin ya yi ja. Daga nan ta shige ƙarƙashin rumbu ta daina hitowa. Washegari da hantsi ina gindin bedi, ban ji haushi ba, ban ji komai ba, sai ga wani manomin albasa ya tsaya da babur, babanku a bayanshi, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Iya, wanga ba tsohonku ba ne? Tsakiyar kwalta na ishe shi tsaye yana korar tsuntsaye."

Ranar na san ciwon Gajera ba nata ba ne ita kaɗai.

Abin da na fara yi, shi kowa zai yi a garinmu. Ranar kasuwa na tahi gun mai tallan magani a faranti. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya.

"Iya, wa ke ciwo?"

"Wata 'yar gida ce. Hitsari ke mata zahi, har da jini."

"Shekarunta nawa?"

"Bakwai."

"Allah sarki, yarinya. A hana ta wanka a tabki."

Ya ƙirgo mini kapso mai ja da ɗorawa. Na riƙa buɗe shi ina zuba garin a cikin curin dawo ina jefa mata. Kwana uku jinin ya tsaya, ta hito daga ƙarƙashin rumbu, har ta bi babanku zuwa zaure. Na ce alhamdu lillahi, na ƙulle sauran maganin a bakin zane don wata rana, yadda muke yi. Sati bai cika ba ciwon ya dawo, ya hi na da. Ta yi amai, ta rame, idonta ya faɗa. Na kwance ƙullin na sake ba ta, wannan karon ko gezau.

Babanku Illiya, ƙanen mahaihinku, gidanshi na jikin namu, shi ke shigowa kullum sahe ya duba wanshi. Ya ishe ta kwance a hanya, ya sa ƙafa ya taɓa cikinta don ta matsa. Ta yi ƙara ta kai mishi cizo, haƙorinta ya kama takalminshi. Ita da ba ta taɓa buɗe wa kowa baki ba. Ya ja da baya ya daɗe yana kallonta.

"Matar yaya, wagga karya ta haukace."

"Ciwo take yi, Illiya. Wurin ciwon ka taɓa."

"Ciwon ke nan nake faɗa miki. Jikokina na wasa a ƙohwar gidan nan. Ni na ga mutumin da mahaukacin kare ya ciza, ina yaro, na ga yadda anka ɗaure shi da igiya a ɗaki har ya cika. Ba ni sake ganin wannan da idona."

Kada ku ɗauki babanku Illiya mugu. Tsoronshi na gaskiya ne, kuma da haukan ne, da ni zan fara miƙa mishi sanda. Na roƙe shi ya ba ni kwana bakwai in kai ta buron likitan dabbobi a Ƙonni, inda ake kai shanu da raƙuma. Ya yi dariya har ya dahe bango.

"Ke da gwiwarki ke ciwo shekara uku ba ki je likita ba, kare za ki kai?"

Amma ya ba ni kwana bakwan, bisa sharaɗin in ɗaure ta.

Na roƙi Hajo maƙwabciyata ta zauna da babanku. Hajo ƙawata ce tun muna amare, ita ke fara sayen hurata kullum. Na sa Gajera a kwando, na ruhe da tsohon zane kamar mai kai kaji kasuwa, na tare motar haya. Mun wuce Malbaza lahiya. Can motar ta faɗa rami, sai kuka ya hito daga cikin kwando. Kowa ya waiwayo. Direba ya dube ni ta madubi.

"Iya, wagga kazar taki wane gari anka ƙyanƙyashe ta?"

Wani mai rawani ya janye rigarshi yana a'uziyya, wata mata ta ce a sauke ni. Direba ya ce tsohuwa ba ta sauka a daji cikin ranar nan, sai dai kwandon ya hau bisa. Na ce in kwandon ya hau bisa, rana za ta kashe abin da ke ciki. A ƙarshe na koma can baya bisa buhunan wake, kwando a cinyata, ba wanda ya sake yi mini magana har Ƙonni.

Likitan ba babba ba ne, sa'an autana zai yi. Akwai Hulani biyu da saniya a gabana, akwai mai rago. Da na yaye zanen sunka dube ni, sunka dubi juna. Shi bai yi dariya ba, kuma wannan har gobe ina sa mishi albarka a kai. Ya duba idonta, ya buɗe bakinta, ya sa mata wani tsinke ya ga zahin jikinta, ya ɗora ta bisa ma'auni. Ya lallaɓa cikinta a hankali, ta yi ƙara. Na kwance bakin zanena na nuna mishi kapson da ya rage.

"Na mutum ne, Inna, kuma ba na wanga ciwo ba. Magani da nauyin jiki ake auna shi. Kuma da kinka tsaya a kwana uku, raunanan ƙwayoyin cutar kinka kashe, masu ƙarhin sunka huta sunka dawo."

"Hauka ce?"

"Ban ga alamar hauka ba. Mahitsararta ke ciwo. Sau nawa take shan ruwa a wuni?"

Shekara bakwai karya na cikin gidana, na san abin da take ci don ni ke kankare mata ƙanzo, amma ban taɓa zuba mata ruwa ba, ban kuma taɓa tambayar kaina inda take sha ba. Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai.

Sannan ya shimhiɗa mini hanya uku, kamar mai sai da zane. Ta fari, ya ba ni magani yau bisa zato, in tahi gida, wataƙila ya dace wataƙila bai dace ba. Ta biyu, in kawo mishi hitsarinta na farkon sahiya, mai tsabta, a cikin wata 'yar kwalba da zai ba ni, ya duba a madubin likita ya ga ko ƙwayar cuta ce, ko tsakuwa ce ke taruwa a mahitsara, don ciwon biyu kamarsu ɗaya a waje amma maganinsu ba ɗaya ba. Ta uku, hoton ciki, wanda shi ba shi da na'urarshi, sai Yamai. In tsakuwa ce babba, ba ƙwayar da ke narkar da ita, sai an tsaga.

Na zauna bisa bencin nan ina aunawa. Yamai dai ban ko tsaya kanta ba. Ina faɗa muku gaskiya don kada ku mai da ni abin da ban kai ba: da ya ce sai Yamai, da na mai da ita gida na ba Illiya igiyar, na shiga ɗaki na toshe kunne. Ba ni barin babanku kwana uku don kowace halitta. Tsakanin biyun farko ne zuciyata ta yi ta kai da kawowa. In na karɓi na zato, yau na gama, ba wata tahiya, ba wata motar da za a kore ni baya, hannuna bai taɓa najasa ba. Amma zato na riga na gwada shi a faranti, ga inda ya kawo mu. Kuma kwana bakwai gare ni, ba ni da na gwaji biyu. Shi ko hitsari, ni da ke wanke shimhiɗar babanku kowace sahiya, na san abin da ruwa ke iya wankewa.

"Ba ni kwalbar," na ce.

Ya yi mata allura guda don zahin ya lafa, ya ce kada in kuskura in ba ta maganin ciwon kai na mutane, yana kashe su. Ya ce in kawo hitsarin kahin rana ta yi zahi, in naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da likita bai auna ba shi ne tsayin Gajera. Da gari ya waye na kwance ta, na bi ta da kwalba a hannu. Ta tsuguna, cikinta na taɓa ƙasa, ina kwalba za ta shiga? Ɗigon fari ya tahi a rairayi. Na san saura kaɗan gare ta. Ya ce mai tsabta, ya nanata mai tsabta. Na duba gidan nan kaf, abin da ya hi komai tsabta a cikinshi shi ne damin sababbin ludduna da na saya don hura, suna rataye a ɗaka, ko ruwa ba su taɓa ba. Na zaro ɗaya. Ta sake tsugunawa bayan rumbu, na durƙusa bisa gwiwar nan mai ciwo, na zura ludayin ƙarƙashinta. Ya taru kamar cikin cokali biyu, ja-ja, gurɓatacce. Ina cikin juya shi a kwalba na ji sallama a kaina. Hajo ce, ta zo da wuri don ta zauna da babanku, yadda na roƙe ta.

Ta dubi ludayin, ta dubi karyar, ta dube ni.

"Habsu, mine ne wanga?"

"Likita ya ce a kai."

"Da ludayin hura?"

"Sabo ne, Hajo. Wuta za shi."

Motar farko na shirin wucewa. Na jefa ludayin a murhu, na wanke hannuna da toka da sabulu, na hita da gudu. Wutar ba ta riga ta kama ba sa'ad da na hita. Ya ƙone, da na dawo na ga tokarshi da idona, amma Hajo ba ta tsaya ta gani ba, tana zaure da babanku. Ban ce ta yi mini ƙarya ba. Abin da ta gani ta faɗa wa mutum ɗaya, mutum ɗayan ya faɗa wa uku.

A Ƙonni likita ya tsoma wata siririyar takarda a kwalbar, launinta ya juya. Ya ɗiga ɗigo bisa gilashi ya sa a madubi, ya daɗe yana leƙe. Ya kira ni in leƙa. Ban gane komai ba, wasu ɗigo-ɗigo ne kamar gero ya zube a faifai.

"Ƙwayar cuta ce, Inna, da yawa, da ruɓa da jini. Akwai ɗan yashi-yashi kaɗan, irin na dabbar da ba ta samun ruwa, amma ban ji tsakuwa da hannuna ba. Ba ni rantse miki babu ita, hoto kaɗai ke rantsewa. Mu yi wanga magani kwana goma. In ya dawo bayan haka, sai mu sake zama."

Ya ba ni farar ƙwaya, a raba biyu, rabi da sahe rabi da marece. Ya sa na maimaita mishi sau biyu kamar mai biya karatu.

"Ko ta warke a kwana uku?"

"Sai goma," na ce.

"Ko ta yi rawa a gabanki?"

"Sai goma."

"Da ruwa, Inna. Ruwa rabin maganin ne. In ba ta sha ba, ƙwayar nan aikin banza za ta yi."

Ya rubuta takarda ya buga mata hatimi, ya ce ta ce ba hauka ba ce.

Washegari na dama hurata kamar kullum, na zauna gindin bedi. Masu amalanke da ke tsayawa guna shekara ashirin sunka wuce suna gaishe ni daga nesa. Matan da ke aiko da kwano ba su aiko ba. Da azahar wani baƙo ya tsaya zai saya, wani ya ja shi gehe ya yi mishi raɗa, sai baƙon ya ce ashe azumi yake. Na ɗauko ƙwaryata cike na dawo. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu ban jiƙa gero ba. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce mini komai a ido. Da sun ce, da na ba su amsa.

Ita ko Gajera, ƙwayar tana karɓa a curin dawo. Jinin ya ragu, kukan ya ragu. Amma ruwa ta ƙi. Na wanke kasko na cika shi na aje gabanta, ta shinshina ta kau da kai. Na sake kasko, na sake wuri, na kawo na randa mai sanyi. Sai dai in na tsinka mata dawo ya yi ruwa-ruwa ta ɗan lasa. Na rasa gane kanta. Kuma abin da ke cikin gida mai katangar kara ba ya ɓoyuwa.

Ranar da kwana bakwai sunka cika, gab da azahar, Illiya ya yi sallama da mutum biyu a bayanshi, kowa da sanda. Babanku na zaune bisa tabarma a inuwar ɗaki yana tsinkar zaren rigarshi. Na miƙa wa Illiya takardar likita. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, shi ma bai yi lakwal ba.

"Matar yaya, in ta ciji yaro, wagga takarda za a jiƙa a ba shi ya sha? Mu abin da munka gada, mahaukacin kare ba ya shan ruwa. An ce mini tun da kinka dawo ba ta sha ba. A kawo ruwa. In ta sha gabanmu, mu koma da sandunanmu."

Na kawo kaskon cike da ruwa. Na kwance igiyar. Maza uku tsaye a kanta da sanduna, wace dabba ce za ta sa baki a ruwa? Ta dubi kaskon, ta ja da baya, ta sa wutsiya tsakanin ƙafahu.

"Kin gani," in ji Illiya. Ba da murna ya faɗa ba. "Shiga ɗaki da yaya. A bayan gari za mu yi."

Sai ladan ya kira salla. Gajera ta ɗaga kunnen nan nata mai tsayuwa. Ta bi jikin katanga tana raɓewa, ta wuce sandunan, ta je gun wani falalen dutse da ke kusurwar gida, ta kwanta kusa da shi, ta ɗora haɓa bisa ƙafahunta tana kallon babanku.

Dutsen alwalarshi ne. Na tsaya kamar an kafa ni. Shekara bakwai, sau biyar a wuni, ina ganin abin nan da gehen ido ina aikina ban taɓa aje shi a rai ba. In ya gama alwala, ruwan da ya rage a buta ba ya mai da shi, sai ya tsiyaye shi a wani ɗan lotsi da ke jikin dutsen, ya yi tsaki sau biyu da harshe, ta zo ta sha. Nan take sha. Wata biyar kahin wannan rana, da ya fara salla yana kallon yamma, yana raka'a ba adadi, liman ya ce an ɗauke mishi alƙalami, a bar shi ya huta. Ni da hannuna na ɗauke butar na sa bayan randa, don yana zubar da ruwa a shimhiɗa. Da ƙarshen kaka da ɗari tana samu a sauran kududduhi da bakin rijiya. Da bazara ta ƙahe komai, sai laimar rariya take lasa.

"Illiya, ka ba ni tsawon alwala guda."

Na ɗauko butar, na ɗauraye ƙurarta, na cika ta. Na kamo hannun babanku na zaunar da shi bisa dutsen, na sa mishi ita a hannun hagu.

"Malam, azahar ta yi."

Ya dube ni, kallon da yake yi wa baƙi. Ya dubi butar. Na ce a raina shi ke nan. Sai na ga babban yatsanshi ya nemo wuyanta ya karkata. Ya wanke hannu sau uku. Ya kurkure baki, ya shaƙa, ya wanke huska, dama kahin hagu har gwiwar hannu, ya shahi kai, ya shahi kunne, ya tsettsehe yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komai ba, bai sake komai ba, leɓɓanshi na motsi. Mutumin da bai san sunana ba. Da ya gama ya girgiza butar kusa da kunnenshi ya ji saura, ya tsiyaye a lotsin dutse, ya yi tsaki sau biyu.

Ta tashi ta sha. A gidan nan ba ka jin komai sai harshenta a ruwa. Ta shanye ta lashe dutsen, ta ɗaga kai. Na ƙara ruwa a butar, ya sake tsiyayewa, ta sake sha.

Mutum biyun sunka sulale ba sallama. Illiya bai ko dubi karyar ba, wanshi yake kallo. Ya jingine sandarshi a katanga.

"Ashe yana iyawa. Wata biyar munka hana shi."

Ya karɓi butar ya yi tashi alwalar. Ya shimhiɗa tabarma, ya kama kafaɗun wanshi ya juya shi gabas, ya tsaya gaba kaɗan ya ta da kabbara. Babanku ya bi shi raka'a huɗu cif. Ni ina bakin murhu ina kuka ba sauti, Gajera na kwance a inuwar rumbu da cikinta cike.

Na cika mata kwana goman, rabi da sahe rabi da marece, ko da yake tun a na takwas ta koma bin shi zaure da haushinta sau uku sau uku. Na sake kai hitsarin Ƙonni, wannan karon da murhin gwangwani da na tafasa na tara, likita ya leƙa ya ce ya washe. Ciwon bai dawo ba, ba mu sake zama maganar hoto ba. Hura kuwa ba ta dawo ba ita ma. Na koma saƙar faifai, shi ba a ci ba a sha. Hajo ta zo bayan wata biyu ta zauna ta yi ta kame-kame, na ce ta bar shi, na ba ta goro.

Babanku ya ƙara shekara ɗaya da wata huɗu. Kullum sau biyar Illiya na shigowa ya tsaya gabanshi, ranar da ba ya nan ni ke juya shi gabas. A ɗakinshi ya cika, bisa tabarmarshi, bayan la'asar, da ɗanyen ruwan alwala a gemunshi. Ba a kwaso mini shi daga kwalta ba.

In kuna neman abin da za ku ji kunya a kaina, kada ku nema a gun ludayi. Ku nema a wata biyar ɗin nan da butar mijina ta yi a bayan randa, ni ina wucewa ta gabanta kullum ina ɗibar ruwa. Wannan nake roƙon Allah gafara a kai, ku ma ku taya ni.